Neman shawara: labaran ban tsoro da aka rubuta don karrama Lovecraft

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wani littafi na gajerun labaran ban tsoro, marubuta daban-daban ne suka rubuta don karrama H. P. Lovecraft, marubucin labaran ban tsoro ɗan Amurka. Ban taɓa karanta nasa ba. Sunaye irin su Cthulhu da Arkham sai maimaituwa suke yi, kuma labari ya ƙare ba a ga dodon ba. In ci gaba, ko in koma asali?

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ajiye shi tukuna ka karanta nasa guda biyu: "The Colour Out of Space" na 1927 da "The Call of Cthulhu" da ya fito a mujallar Weird Tales a 1928. Cthulhu dodo ne a labaransa, Arkham kuma gari ne da ya ƙirƙira a jihar Massachusetts ta Amurka, haka jami'ar Miskatonic da littafin Necronomicon. Kada ka wahala wajen nemansu. Masu karramawar suna ɗauka ka riga ka san su, shi ya sa ba sa bayani.

Malam, rashin ganin dodon da gangan ne. Tsoron da Lovecraft yake so ya dasa shi ne ɗan Adam ba komai ba ne a wurin waɗannan halittu, ko kula shi ba sa yi. Bayan mutuwarsa a 1937, marubuci August Derleth ya kafa kamfanin buga littattafai na Arkham House a 1939, ya kuma mayar da labaran zuwa yaƙi tsakanin alheri da sharri. Labaran da suka bi sawun Derleth sun fi sauƙin fahimta, amma a ganina tsoron ya ragu. Da ka ga an jero sunayen dodanni biyar a shafi ɗaya, to kwaikwayo ne kawai.

Ka karanta labari ɗaya a zama ɗaya, biyu in ya yi yawa. Da yake salonsu ɗaya ne, mai ba da labari ya tsinci tsohuwar takarda ya bi diddigi har hankalinsa ya gushe, kafin na huɗu ka fara hango ƙarshe tun daga farko. Ka fara da gabatarwar editan.

Ka kuma sani akwai wariyar launin fata ƙarara a rubutun Lovecraft. Wasu labaran martani ne: Victor LaValle ya sake gina labarin Lovecraft "The Horror at Red Hook" a 2016 ta mahangar wani baƙar fata ɗan unguwar Harlem ta New York.