Direbobin ThinkPad, Dell da su Asus a karnel na Linux: wanne zan kunna, wanne zan bari?

Ɗan Yantala

Assalamu alaikum ƴan'uwa, da fatan an wuni lafiya, ya zafi. Tambaya gareni ga waɗanda suka saba haɗa karnel na Linux, wato zuciyar sistem ɗin, da hannunsu. Muna da ɗan wurin koya wa matasa kwamfuta nan Yamai, kwamfutocin hannu ne dukansu ƴan okaziyo kuma ba iri ɗaya ba, akwai ThinkPad T480, akwai Dell Latitude, akwai Lenovo IdeaPad, da HP EliteBook, da wata Asus. Debian 12 ke kansu duka. Niyyata in haɗa karnel guda wanda zai tashi kan kowace, in rage masa kayan da ba mu buƙata.

To cikin menuconfig, inda ake zaɓen abin da zai shiga karnel, ƙarƙashin Device Drivers akwai wurin da aka rubuta X86 Platform Specific Device Drivers, jerin da ke ciki wallahi tsawo gare shi, Acer, Asus, Dell, Fujitsu, HP, MSI, Panasonic, Samsung, Sony, Toshiba, ThinkPad, kowane kamfani da nashi har wasu biyu uku. Mene ne aikinsu tunda kwamfuta na tashi ko babu su? In sa musu M ko in sa tauraro? Sannan abin da ya fi damuna batir ne da zafi, kwamfutocin nan kullum a jone suke da kuran in dai akwai shi, batira biyu sun riga sun kumbura, an ce mini ana iya hana batir cika ya tsaya 80 kuma wai daga waɗannan direbobin abin ke fitowa. Haka fanka, ana iya tilasta mata gudu sosai lokacin bazara? Don Allah mai sani ya taimaka.

Malam Harobanda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh kwamfuta za ta tashi ko babu su, allo zai kama, kilabiye zai yi rubutu, amma duk ƙananan abubuwan da suka bambanta kwamfutar hannu da ta tebur su ne za ka rasa ko su yi rabin aiki.

Ga yadda abin yake. Cikin kowace kwamfutar hannu akwai wani ƙaramin cip da ake kira EC, shi ke kula da fanka, cajin batir, maɓallan Fn, fitilar kilabiye, rufe murfi da buɗe shi. ACPI ƙa'ida ce ta kowa da kowa, ita ke gaya wa karnel batir saura kaza, caja na jone ko ba ta jone, amma ba ta ƙunshi komai ba, sauran kowane kamfani ya yi nashi yadda ya ga dama, da yawansu ta WMI, hanyar Microsoft, suka bi saboda Windows suke kallo lokacin ƙera injin. Shi ya sa kake ganin asus-wmi, hp-wmi, dell-wmi, acer-wmi. Kowane direba tafinta ne tsakanin karnel da EC na kamfaninsa, na Dell ba ya jin yaren na Asus.

Naka su ne thinkpad_acpi don T480, ideapad-laptop don IdeaPad, ka lura duk Lenovo ne amma direba daban daban, sai dell-laptop da dell-wmi, hp-wmi, sai asus-wmi tare da asus-nb-wmi. Ka fara kunna ACPI_WMI domin in ba ka kunna shi ba masu wmi ɗin nan ba za su ma bayyana cikin jerin ba. Na Dell a karnel na yanzu suna da nasu ƙaramin ɗaki cikin wurin, sai ka kunna shi ka shiga. Kuma fankar Dell ba nan take ba, tana can ƙarƙashin Hardware Monitoring, sunanta dell-smm-hwmon, wadda da ake ce wa i8k. In ka rasa abu danna / cikin menuconfig ka rubuta sunan, zai nuna maka inda yake da abin da ya dogara da shi.

Batun M ko tauraro, sa M kawai, tauraro na nufin a haɗa direban cikin karnel ɗin kansa. Da M modul ne, yana zaune kan diski ba ya cin komai sai injin da ya dace ya kira shi, karnel na duba alamar da BIOS ya bayar, misali LEN0268 ga ThinkPad ko VPC2004 ga IdeaPad, sai a loda wanda ya dace a bar sauran. Kuma modul kana iya cire shi ka mayar da wasu zaɓuɓɓuka ba tare da ka kashe kwamfuta ba.

Kada ka yi make localmodconfig kan inji ɗaya sannan ka kai karnel ɗin kan sauran, shi abin da ke lode a lokacin kaɗai yake bari, in ka yi shi kan ThinkPad to Dell da HP sun tashi a tutar babu har wifi nasu ma ƙila. Kwafo config na Debian da ke cikin /boot, ka yi make olddefconfig, daga nan ka rage a hankali.

Amma fa gaskiya in don waɗannan direbobin ne kawai, ni ban ga dalilin haɗa karnel ba. Debian 12 na zuwa da 6.1 kuma duk suna ciki a matsayin M, yi lsmod, umarnin da ke jera modul ɗin da aka loda, ka gani da idonka. In ka haɗa naka to gyaran tsaro da ke fitowa ya koma wuyanka, kowane lokaci sai ka sake haɗawa. In don koyar da yara ne su ga yadda ake yi, wannan kuma abu ne mai kyau, ka ware inji ɗaya ku yi ta gwaji a kai.

Mai gyara na Tawa

Malam ya gama magana kan karnel, ni bari in taɓa batun batir don shi ne abincinmu nan Tawa, kusan kullum sai an kawo muna ordinatar da tushpad ɗinta ya ɗago sama, kana buɗewa ka iske batir ya kumbura shina turo komi. Batirin lithium abu biyu ka kashe shi da wuri, zafi da zama cike ɗari bisa ɗari, mu kuwa watan Afirilu da Mayu zafi na wuce 40 ga inuwa, in ka haɗa da caja da ba a cirewa to ka haɗa mai duka biyun.

Wanga abu na tsayar da caji gaskiya ne amma ba kowane inji ka yin shi ba kuma ba iri guda suka yi ba. ThinkPad ta fi kowa, tun karnel 4.17 thinkpad_acpi na bada shi, duba cikin /sys/class/power_supply/BAT0/ za ka ga charge_control_start_threshold da charge_control_end_threshold, na farko inda caji ka farawa na biyu inda shika tsayawa, mu 75 da 80 muka sa ma mutane. T480 kuma batir biyu gareta, na ciki BAT0 da na waje da aka cirewa BAT1, kowane sai ka sa mai nashi, mutane da yawa na mance na biyun. Asus na tsayawa kaɗai gareta, babu na farawa, tun 5.4, kuma ita in ka kashe ka kunna takan mance ta koma 100 sai an sake rubuta mata. IdeaPad ba ka zaɓen lamba, wani fishiye ne conservation_mode ƙarƙashin /sys/bus/platform/drivers/ideapad_acpi/ ka sa 1 ko 0, in ka sa 1 tsofaffin na tsayawa wajen 60. Dell sai karnel 6.12 dell-laptop yas samu abin, kai da ke 6.1 shiga BIOS da F2 ka nemi wurin batir, akwai Custom inda kaka sa lambobin da kanka, kuma shina aiki ko wane sistem ke kai. EliteBook ma BIOS ne da F10, in BIOS ɗin ba tsoho ba ne ƙwarai akwai Battery Health Manager da ka tsayar da shi 80.

Kak ka wahal da kanka da rubuta fishiye ɗaya ɗaya, sa TLP, manhajar kula da batir, ka buɗe /etc/tlp.conf ka cika START_CHARGE_THRESH_BAT0 da STOP_CHARGE_THRESH_BAT0, shi zai riƙa maidawa duk tashi, tlp-stat -b kuma shina gaya ma ko injinka na iyawa ko ba ya iyawa.

Waɗancan biyu da sunka riga sunka kumbura kuwa don Allah cire su yau, babu direban da ka gyara su, kada yaro ya danne ko wani ya huda, wuta ka kamawa. Injin na aiki da caja kaɗai kafin ka samu wani.

Yar Lazaret

Sannunku da ƙoƙari. Ni inda ban yarda gaba ɗaya ba shi ne a sa wa kowace 80 a tafi, yayana na Tawa ka yi haƙuri. Batirin okaziyo da ma ya gaji, wani bai fi rabin ƙarfinsa na asali ya rage ba, ka duba energy_full da energy_full_design cikin wannan wurin na BAT0 ko ka yi upower -d za ka ga gaskiyar lamarin. To batir da rabi ya rage ka ƙara yanke masa kashi 20, ga kuran da ke tafiya tsakar rana daidai lokacin da yara ke tsakiyar darasi, minti nawa za su samu? IdeaPad da ke tsayawa wajen 60 ma ta fi muni. Ni abin da nake yi a wurin aikinmu, waɗanda batirinsu ke da lafiya su nake sa wa iyaka domin su ne ke da abin karewa, gajiyayyun kuwa in bar su su cika a more su har su ƙare, ana dai duba su kar su kumbura. Kuma ga ThinkPad akwai tlp fullcharge, yana cika batir sau ɗaya sannan iyakar ta dawo daga baya, lokacin zafi da aka san wuta za ta yi ta yawo sai a yi shi da safe.

Batun tilasta wa fanka gudu kuma ba wanda ya taɓa, kuma shi ne mai haɗari. thinkpad_acpi ba ya barin ka taɓa fanka sai ka ce masa fan_control=1 da bakinka, da gangan suka yi haka. Ka rubuta options thinkpad_acpi fan_control=1 cikin wani fishiye a /etc/modprobe.d/ mai ƙarewa da .conf, in kuwa tauraro ka sa masa ba M ba to modprobe.d ba zai yi aiki ba sai ka sa thinkpad_acpi.fan_control=1 a layin GRUB, mai tada karnel in an kunna inji. Daga nan /proc/acpi/ibm/fan na karɓar level daga 0 zuwa 7, da auto, da full-speed. 0 na nufin fanka ta tsaya cak, a zafin Yamai kuma wurin da yara ke koyon rubuta umarni, ni wannan ƙofar ba zan buɗe ta ba. full-speed kuma na sa ta gudun da ya wuce abin da EC ke kaiwa da kansa, fankar okaziyo da ta sha ƙura ba daɗewa za ta yi ba, kuma nemo ta T480 a kasuwar Katako ba kullum ake dacewa ba. In dole ne sai ka yi, yi da manhajar thinkfan, ka kuma kunna watchdog, wato mai gadin direban, ana ba shi har daƙiƙa 120, in ba a sake aiko umarni ba fanka ta koma hannun EC.

Kafin duk wannan buɗe injinan ka hure ƙurar hunturu da ta toshe raga, ka canza man da ke tsakanin purosesa da abin sanyaya shi, ka ɗaga bayansu daga tebur iska ta shiga. Yawancin zafin da ake ɗora wa direba daga nan yake.

Ɗan Yantala

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na ƙaru sosai. Malam na duba lsmod kuma kamar yadda ka faɗa duk suna nan, don haka karnel na Debian zai zauna, inji ɗaya zan ware mu riƙa haɗawa da ɗalibai. Fanka na bar ta auto, Hajiya maganarki ta shige ni, kumburarrun batiran kuma an cire.

Saura biyu. Kan T480 na yi sudo echo 80 > charge_control_end_threshold yana ce mini Permission denied alhali fishiyen na nan. Sannan Asus ɗin maɓallan ƙara haske da ragewa ba sa komai duk da asus_nb_wmi na cikin lsmod, na sauti kuwa suna aiki lafiya.

Malam Harobanda

Na farko ba direba ba ne, sudo ɗin echo kaɗai ya ɗauka, alamar > kuwa shel naka ne ke buɗe fishiyen da ita kuma shi ba root ba ne. Yi echo 80 | sudo tee sannan sunan fishiyen. Ka tabbata na farawa ya fi na tsayawa ƙanƙanta in ba haka ba zai ƙi karɓa. In ka sa TLP ma duk wannan ya wuce.

Na Asus sai ka raba matsalar biyu tukuna. Sa evtest, mai nuna saƙon da maɓalli ke aikawa, ka danna maɓallin, in ka ga KEY_BRIGHTNESSUP na fitowa to direban Asus ya yi nashi aikin, matsalar na wajen mai juya hasken. Duba ls /sys/class/backlight ka ga wanda ke ciki, intel_backlight ne ko acpi_video0 ko na asus. Sau da yawa karnel ne ya zaɓi hanyar da ba ta aiki kan wannan injin, sai ka gwada acpi_backlight=native a layin GRUB, in bai yi ba ka gwada video, sannan vendor, ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ka rubuta cikin /etc/default/grub ba tun farko, danna e lokacin da GRUB ya fito ka ƙara shi ƙarshen layin da ya fara da linux, ka tashi da F10, wanda ya yi aiki shi za ka rubuta dindindin ka yi update-grub. In kuma evtest bai nuna komai ba, turo mana abin da sudo dmidecode -s system-product-name ya ba ka tare da sudo dmesg | grep -i asus mu duba.