“Kowa ya ci ladan kuturu”: wa ya ci, wa ake bi aski?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: “Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.” A majalisarmu aka jefa wa kansilan mazaɓarmu ita, a kan kwalbatin da ruwa ya cinye tun damina wadda ta wuce, da asibitin sha-ka-tafi da babu ko maganin zazzaɓi a cikinsa. Kansila ya ji haushi, ya ce shi bai ci ladan kowa ba, wani dattijo kuma ya ce an zagi talakawa an mai da su kutare. Aka watse ba a daidaita ba. To masana, a maganar kuɗin ƙaramar hukuma, wane ne kuturun, wane ne wanzamin, kuma mene ne ladan?

Wanzamin Gari: Wa alaikumus salam. Malam, ka shigo gonata, don haka bari in fara. Yadda muka ji daga iyayenmu, a da wanzami yana gudun kan mai kuturta, ba don ƙyama kaɗai ba, har da tsoron kada mutane su ga askarsa ta taɓa shi su daina zuwa. To ba wanda ya isa ya tilasta maka ka yi askin. Kana da ikon cewa a kai kasuwa. Amma in kwaɗayi ya ja ka ka miƙa hannu ka karɓi kuɗin, har ka kashe su, shi ke nan ka ɗaure kanka, sai ka buɗe zabira ka wasa aska. Ku lura ba a ce “ya karɓi” ba, cewa aka yi “ya ci”. Abin da ka karɓa kana iya mayarwa, wanda ka ci kuwa ya tafi. Ciyaman da kansiloli ba a kamo su da igiya ba, su suka buga fasta, suka bi gida-gida suna roƙo. Albashi suna ci, alawus suna ci. Aski ya hau kansu.

Ma'aikaciyar Lafiya: Baba wanzami, Allah ya ƙara girma. Ina so kawai in tuna mana cewa kuturta yanzu tana warkewa, maganinta kuma kyauta ake bayarwa. Masu lalurar suna cikinmu, mu riƙa tauna maganar kafin mu jefa ta a taro. Ku ci gaba.

Tsohon Kansila: Na yi kansila zango ɗaya, kuma ba kare kowa zan yi ba. Amma wannan karin maganar ba ta zauna daidai a kan ƙaramar hukuma ba. Wadda ta dace ita ce “rijiya ta bayar, guga ya hana.” Kuɗin da ake rabowa daga Abuja duk wata, a zamaninmu ba hannun ciyaman suke faɗawa ba. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi suke shiga, kuma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ne ya kafa asusun, ba wani gwamna ne ya ƙirƙiro shi ba. Daga can ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da kuɗin fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ke isowa sakatariya. Mutum ya zo gidanka da asuba matarsa tana naƙuda, wani ya zo rufin ajin ƙauyensu ya yaye, kai kuma ka san babu. Ta yaya za a ce ka ci ladan da ko ganinsa ba ka yi ba?

Wanzamin Gari: Honarabul, albashinka na kansila ma guga ya hana?

Tsohon Kansila: Wannan kam ya iso, Baba.

Wanzamin Gari: To ai shi nake nufi.

Ɗalibi Daga Dutse: Ina neman afuwar manya. Maganar guga tana da tushe, amma doka ta taɓa ta. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Kason ba ƙarami ba ne: kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi suna da 26.72, tarayya 52.68. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin da ake rabawa ya ƙaru sosai a lissafin naira. Gaskiya ne aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne zaɓe. A watan Oktoba 2024 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano da Jigawa. A Kano jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya, a Jigawa ma mai mulki ta kwashe 27 ɗin duka, alhali a lokacin jam'iyyun biyu daban ne. Wanda ya san daga inda kujerarsa ta fito, can zai kai askarsa. Ko kuɗin sun faɗo asusunsa kai tsaye, in an kira shi a waya zai mayar.

Hajiya Mai Ƙuli-ƙuli: Yaron nan ya kusa zuwa inda nake so. Ku duk kun ɗauka mu ne kutaren, su ne wanzaman. Ni a wajena juyawa za a yi. Ranar zaɓe wa ya karɓi taliya? Wa ya karɓi sabulu da turmin atamfa da 'yar dubu a cikin hijabi? Mu ne, har da ni, ba zan ɓoye ba. Mu muka ci ladansu. Askin da muke musu kuwa shi ne shirun da muke yi. Tuƙa-tuƙar unguwarmu ta lalace, mata suka ce a je a yi wa kansila magana, sai wata ta ce da wane bakin, bayan a gabansa kika ƙulle naki kason a bakin zane? Kowa ta yi tsit. Ƙarshe karo-karo muka yi muka kira mai gyara.

Malamin Firamare: Hajiya, wannan fassarar ta yi ɗaci, amma ban ga inda zan kama ta ba.

Malamin Islamiyya: Ni ina da inda zan kama ta. Hajiya, Allah ya saka da alheri da faɗin gaskiya, amma lada ana biyansa ne a kan aikin halal. Sayar da ƙuri'a ba ciniki ba ne da zai ɗaure mutum, don haka babu askin da ake bin ki. Kuskure ne, a tuba, amma kuskurenki bai halatta wa wani cin dukiyar jama'a ba, kuma bai rufe miki baki ba. Taliyar ma, in an bi diddigi, wataƙila da kuɗinki aka sayo ta. Ku tuna Manzon Allah (SAW) ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi bai bar maganar a ɓoye ba, ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana mutum ya zauna a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ashe tambayar ma'aikaci lissafi ba rashin kunya ba ne, sunna ce.

Baba Ɗan NEPU: Jikana ne yake rubuta mini, in kun ga kuskure nasa ne. Ku yara ba ku san haraji ba. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, mai unguwa zai zo da takarda, dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Kowane baligi ya san kuɗin kansa, Bafillace ya san jangalin kowace saniya. Wanda ya kasa biya an sha ɗaure shi a rana, wasu sun bar gari saboda haraji. Kan wannan Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta NEPU suka yi ta gwagwarmaya tun 1950. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, lokacin Jigawa tana cikin Kano, sai 1991 aka yanke ta. Mun yi murna, kuma har gobe ban ce a dawo da shi ba. Amma ga abin da na lura. Lokacin da muke biya da hannunmu, in mutum ya ga hakimi ya yi sabuwar mota, cewa yake yi guminmu ne. Yanzu in ciyaman ya yi gida a birni, sai ka ji ana cewa rabonsa ne, Allah ya ba shi, kuɗin gwamnati ne. Kuturun karin maganar nan ya fi mu gata, don shi ya san ko nawa ya ciro daga aljihunsa ya ba wanzami, shi ya sa yake iya tare shi a hanya. Wanda bai san ya biya ba, ina zai sami ƙarfin bin bashi?

Tsohon Akawu: Baba, Allah ya ja kwana, ka gama magana. Sai dai in ƙara cewa biyan bai tsaya ba, ɓuya ya yi. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan abin da ka saya, kashi 7.5 ne cikin ɗari tun Fabrairu 2020. Yana cikin katin wayar da jikanka ya sa ya rubuto wannan, yana cikin buhun siminti da kwanon rufi. Ƙananan hukumomi suna da kashi 35 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga VAT ɗin. Kuɗin man fetur kuwa dukiyar ƙasa ce, ba gadon wani ba. Ban da wannan akwai kuɗin shiga na cikin gida, wanda bai taɓa bi ta gugar Honarabul ba: rumfunan kasuwa, tasha, kwata, lasisin shaguna. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilimin firamare da lafiya. Wannan shi ne askin, a rubuce yake.

Ɗan Kara: Akawu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni harkar dabbobi nake yi, Alhamis ina Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta, sauran kwanaki ƙananan kasuwannin ƙauye. A wata ƙaramar kasuwa, ba cikin waɗannan ba, kuma ba zan kama suna ba, kowace dabba da ta shiga kara sai an biya, wadda ta fita ma haka. In ka ce a ba ka rasit, sai a ce na dubu ne da rasit, ɗari biyar babu rasit, zaɓi. Wallahi yawancinmu na babu rasit muke zaɓa. Karar kuwa babu ruwa, babu banɗaki, da damina sai ka naɗe wando. To Malam, a nan wa ya ci ladan wa?

Malamin Islamiyya: Ku biyun kun haɗu kun ci na jama'a, Alhaji. Shi ya ci ɗari biyar, kai ka ci ɗari biyar.

Ɗan Kara: Malam ba ka da sauƙi.

Tsohon Kansila: Har yanzu ina kan bakana cewa guga ce babbar matsala. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba. A 2019 hukumar NFIU, mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, ta fitar da ƙa'ida cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Wannan ya nuna muku inda faɗan yake. Amma na yarda da Baba a abu ɗaya. Duk zamana a kujera, mutane sun roƙe ni kuɗin suna, da na magani, da na makaranta, da buhun taki. Ban tuna wanda ya zo ya ce in nuna masa kasafin kuɗin shekara ba, alhali mu kansiloli muke zama mu amince da shi.

Hajiya Mai Ƙuli-ƙuli: Da an tambaye ka za ka nuna?

Tsohon Kansila: Da na yi ta kwana-kwana, Hajiya. Amma da na shiga zaman majalisa na gaba da tsoro.

Ɗalibi Daga Dutse: Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar mai neman bayani. Abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma a wata kuma ana bugawa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da shi a intanet. Kowace jiha tana da babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi da ke kai rahoto majalisar dokoki. Zan iya nemo na ƙaramar hukumarku, Malam, in ka faɗa mini sunanta a gefe.

Malamin Firamare: Zan turo maka. In ya samu zan rubuta shi da alli a allon majalisa, wata-wata, kusa da jerin ayyukan da muka gani da idonmu. Amma Baba wanzami, tambayata ta farko fa? Dattijon da ya ce an zage mu, yana da gaskiya?

Wanzamin Gari: Ba shi da ita. A cikin maganar nan kuturu ba shi da laifin komai, ya biya kuɗinsa cas. Wanzami ne abin kunya. Ni dai har yanzu ban yarda da juyin da Hajiya ta yi mata ba, kuma na ga ita ma ba ta sauka daga nata ba.

Hajiya Mai Ƙuli-ƙuli: Ban sauka ba, Baba. In za a rubuta takardar zuwa sakatariya a sa ƙungiyarmu ta mata, zan dangwala.

Tsohon Akawu: To ku yi ta da sunan ƙungiya mai rajista, kada mutum ɗaya ya sa kansa a gaba. Ku tambayi abu uku kawai: kasafin bana, abin da ya shigo daga kasuwa da tasha, da sunan ɗan kwangilar kwalbatin da nawa aka biya shi. Ku kai kwafi biyu ofishin sakataren ƙaramar hukuma, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ku dawo da shi. Kada ku kai ranar Juma'a, ba za ku tarar da kowa ba.