Masu koyon mayar da littafi zuwa Braille: yaya kuka yi da sunan mai zance da kalmomin da aka jaddada?

Ɗalibar kwas, daga Amurka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kwas ɗin shaidar masu mayar da rubutu zuwa Braille (rubutun makafi na ɗige-ɗige da ake shafawa da yatsa) na Laburaren Majalisar Amurka, yanzu na iso inda ake kawo zancen wani a farkon babi, a sa sunansa a ƙasa. A littafin da nake aiki a kansa sunan yana can gefen dama, kuma a karkace aka buga shi. Waɗanda suka riga ni, ku gaya mini yadda kuka bi.

Tsohon hannu:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki bi gefen daman nan na masu gani. Ƙa'idar da hukumar BANA, mai tsara ƙa'idojin Braille a Arewacin Amurka, ta fitar a 2016 ita ce a duba inda layin da ke sama ya fara, a matsa gida huɗu (gida shi ne gurbin harafi ɗaya a Braille). In layin ya fara a gida na 1, sunan ya fara a gida na 5. In a na 3 ya fara, sai na 7. Idan sunan ya zarce layi ɗaya, ci gabansa ma a wannan gidan zai tsaya. Ba a barin fili tsakanin zancen da sunan, filin bayan sunan yake zuwa. Wanda ya fi cin lokacina shi ne ƙarshen shafi: layi 25 ne kacal, sai zancen ya cika shafin cif, sunan ya faɗa na gaba shi kaɗai. Dole ki sauko da layin ƙarshe na zancen ya raka shi.

Malama a makarantar makafi, Najeriya:
Mu nan tun 2005 ƙasar ta karɓi tsarin UEB, wato haɗaɗɗen tsarin Braille na Turanci, don haka alamomin ɗaya ne da naku, ko da tsara shafi ya ɗan bambanta. Yadda nake koya wa sababbin malamai: gidan farko yana faɗin irin rubutun, ɗigo 46 (wato ɗigo na 4 da na 6 cikin ɗige shida na gida) karkatacce, 45 mai kauri, 456 wanda aka ja wa layi. Gida na biyu kuma yana faɗin iyakarsa: ɗigo 23 harafi ɗaya, ɗigo 2 kalma, 2356 idan kalmomi sun kai uku a jere, sannan a rufe da ɗigo 3. Rufewar nan ce ake yawan mantawa, musamman idan zancen ya ratsa sakin layi da dama. Kowane sakin layi za a sake buɗe masa alama, amma sau ɗaya ake rufewa, a ƙarshen na ƙarshe.

Tsohon hannu:
Malama ta taɓo inda ni ma hannuna ya sha wuya. A tsohon tsari sai kalmomi sun wuce uku ake ninka alamar, a sa guda ɗaya gaban kalmar ƙarshe. Da Amurka ta koma UEB a Janairun 2016, sai da na sake horar da yatsuna a kan Perkins, na'urar buga Braille.

Mai karatu, makaho:
Ku bar ni in sa baki, tunda ni nake shafa abin da kuke bugawa. Don Allah ku rage tara alamomi. Akwai littafin darasi da ya zo hannuna, kowane kanun babi an liƙa masa alamar kauri da ta karkata, gida huɗu ke nan kafin yatsana ya kai harafin farko, alhali matsayin kanun a tsakiyar layi ya riga ya gaya mini kanu ne. Amma inda littafi ya ce a kula da kalmomin da aka yi wa kauri domin su za a tambaya, aka kuma cire alamar, an cuce ni, don abokan karatuna suna ganin abin da ni aka ɓoye mini.

Ɗalibar kwas:
Na gode, Malam. Ke nan karkatar da aka yi wa sunan gaba ɗaya ado ce, in cire ta. To idan cikin layin akwai sunan littafin da aka ciro zancen, shi kaɗai a karkace fa?

Malama:
Wannan ki riƙe shi, 'yar'uwa, domin shi ke raba sunan marubuci da sunan littafinsa. Haka ɗan layin da ake ja kafin sunan, in yana cikin bugun, ki sa shi. Kuma ko Duxbury, shirin kwamfuta mai mayar da rubutu zuwa Braille, kike amfani da shi, ki bi da idonki layi-layi, don duk karkatar da ya tarar a fayil zai kwaso miki.