Embiriyoloji: ta ina zan kama?

Ta Gwale: Salamu alaikum. Don Allah ku agaza min, saura sati uku gwajin embiriyoloji (ilimin yadda ɗan tayi ke samuwa da girma a ciki), ni kuwa daga inda ɗan tayi ya fara naɗewa komai ya cakuɗe min. Wane littafi kuka bi?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Inderbir Singh, zanensa ba wuyar kwafa.

Na Dala: Langman dai, ya fi kawo misalan marasa lafiya.

Yaya Likita: Ƙanwata, ba littafi ne damuwar ba. Lokacinmu malami yakan zo da majigi ya yi ta wuce hotuna, mu kuma muka ɗauke shi hadda: zuciya na fara bugawa wajen kwana 22, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ƙarshen sati na 4. Na rubuta, na ci, na manta. Sai da na shiga ɓangaren yara na ga jaririya da ƙullutu a gadon baya, uwar tana tambayata wai me ta yi ba daidai ba. Wallahi na kasa ba ta amsa, har yau abin yana raina. Bututun nan ne bai gama rufewa ba, a lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba. Shi ya sa ake son mace ta fara shan folik asid tun kafin ta ɗauki ciki. Da an nuna mana haka a aji biyu da ya zauna. Ki fara kowane babi daga nakasar, sannan ki koma ki ga inda aka samu tangarɗa.

Ɗan Fagge: Yaya, ai malaman ma lokaci ke ƙure musu, anatomi, darasin sassan jiki, ya cinye jadawali.

Autar Zaure: Juyawar hanji da tiyo na gane ta. Ki lanƙwasa shi, ki sa biro a tsakiya a matsayin jijiyar jini, ki juya digiri 270 saɓanin hannun agogo. Hanjin yana fita cikin igiyar cibiya a sati na 6, ya koma ciki a na 10.

Na Dala: Auta, tiyon wankin motar Baba kika yanka ke nan?

Autar Zaure: Tsoho ne, Yaya!

Malam Ƙarami: Ni ayoyin Suratul Mu'minun ne suka sa min son darasin, nuɗfa, alaƙa, mudga.

Ɗan Fagge: Haka ne Malam, amma a takarda sunayen da aka koyar za ka rubuta.

Malam Ƙarami: Wa ya ce maka zan rubuta? So na ce.

Na Dala: Af, wa ke riƙe da Langman ɗina tun azumi?

Ta Gwale: Na gode Yaya. Auta, gobe ki taho min da tiyon, mu haɗu bayan azahar.