Mama ta daina zuwa coci, don Allah ku ba ni shawara

Jama'a ina cikin damuwa. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Mama wata huɗu ke nan ba ta taka cocinmu na Katolika, Our Lady of Fatima, ba, mu kuma muna unguwar Brigade a Kano, ko adaidaita ba ta iya hawa zuwa Sabon Gari inda cocin yake. Matar da ba ta fashin taron Zumuntar Mata, yanzu duk Lahadi in mun shirya sai ta juya fuska bango tana hawaye, abin na ci min rai sosai. Ta fi son a kawo mata jibin Ubangiji (gurasa mai tsarki da ake karɓa a coci) gida. Wa zan fara samu, katekis (mai koyar da addini a coci) ko Fada (limamin cocin) kai tsaye? Kuma dole sai ta yi azumin awa ɗaya kafin ta karɓi jibin alhali tana shan magani da safe?