Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: a maganar zuwa-zuwa waye kura waye gardi?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya na kasa haɗiye ta, na ce bari in kawo nan masu Hausa a baki su warware min. Ɗan baffana ne ya zo daga Yola bikin ƙanwarmu, da daddare muna shan shayi a ƙofar gida hira ta gangaro kan mai kamar yadda kowace hira take gangarawa yanzu, sai na ce masa tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya hau ya ce tallafin mai ya tafi mu ma nan Garwa ta Kamaru ba mu sake jin daidai ba, zuwa-zuwan, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, da muke saye lita sefa 300 kafin ka ce me ya koma 600. Ban rufe baki ba ya ajiye kofi ya ce min "Hamma ai ku kam ku yi shiru, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, shekara nawa ana biyan tallafi da kuɗinmu ku kuna sha." Wallahi abin ya sosa min rai don ni ban taɓa ɗaukar kaina macuci ba, da kuɗina nake saye a bakin titi kamar kowa. Me karin maganar nan take nufi a asalinta, kuma ta hau kanmu mu mutanen wannan gefen ko dai ya ɗora ta ne inda ba muhallinta ba?

Mai Kilando Marwa:
Wa'alaikumussalam. Kafin a kai ga mai ni a fara cire min wani duhun tukuna, gardin da ake faɗa a nan gardin tsangaya ne? Don ni tun ina yaro haka na ɗauka, har nake cewa to me ya haɗa mai karatun allo da kura.

Malam na Ngaundere:
A'a ɗana, suna ne ya zo ɗaya. Akwai gardin tsangaya wanda ya wuce ƙolo da titibiri yana neman sauka da hadda, wannan ba ruwansa. Wanda ake nufi a nan gardin wasa ne, masu yawo da kura kasuwa kasuwa, mun gan su da idonmu muna yara, su shigo da kiɗa da layu da guraye a damtse, kura an sa mata takunkumi a baki an ɗaure ta da sarƙa, gardi na riƙe da sanda. In ta ƙi tashi a buga, in ta yi gurnani a buga don 'yan kallo su ji daɗi, ana gamawa a watsa kuɗi gardi ya tsince ya zuba a aljihu, ita kuma a ja ta zuwa kasuwa ta gaba. Wasu suna cewa gardi da kwashe kuɗi, wasu amsar kuɗi, duk ɗaya ne.

Sai dai akwai abin da mutane ke mantawa wajen amfani da ita. Ba kowane wanda ya wahala wani ya ci ake ce masa kura ba. Manomi da ya sayar da gyaɗarsa da araha ɗan kasuwa ya ci riba, shi ya kai da ƙafarsa, ana iya cewa an ƙware shi amma ba kura ba ne. Kura a ɗaure take, bakinta a rufe, ba ta zaɓi wasan ba kuma ba ta da hanyar fita. Shi kuma gardi ba wanda kuɗi ya faɗo wa kawai ba ne, shi ne mai riƙe da sarƙar. To in za ku auna maganar ɗan baffanka da wannan za ku auna, wa ke ɗaure, wa ke riƙe da sarƙa.

Bamubi a Garwa:
Malam Allah ya ƙara sani. To bari ni in tsaya wa ɗan ƙasarmu tunda ba ya nan, shekara goma sha ina zaune Garwa ina kasuwanci amma iyayena suna Mubi, gefe biyun duk na sani. Hamma Ɗan Garwa ka yi haƙuri amma in ba a ce wa talakan Najeriya kura ba ban san wa za a ce wa ba. Tun 1956 aka haƙo mai a Oloibiri, gwamnati na da matata huɗu, biyu a Fatakwal ɗaya a Warri ɗaya a Kaduna, amma shekara da shekaru sai a ɗebi ɗanyen mai a kai waje a tace a dawo mana da shi da dala, kuɗin tallafi kuma daga baitulmali ake cirewa, kuɗin da ya kamata ya zama asibiti da makaranta da hanya. Duk da haka ka je Mubi ko Yola a wancan lokacin ka ga layin mai mutum ya kwana a mota, gidan mai a rufe 'yan bumburutu a ƙofarsa da galan, alhali man nan ya bi daji ya tsallako nan ana jera shi a kwalabe a kowace kwana ta Garwa babu layi babu komai. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na Nuwamba 2019 bayan Buhari ya rufe boda, aka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, saboda fasa-ƙwauri. Wa ya sha wannan bugun? Mutanen ƙauyukan bakin iyaka da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, mai injin niƙa, mai ban ruwa, mai kai mara lafiya asibiti da babur.

Mai Kilando Marwa:
Alhaji kura kam mun yarda, amma gardin fa? Ni da nake zuba lita biyu da safe in yi yawo da fasinja har isha'i don in kai cefane gida ni ne na riƙe sarƙar? Ko Mubin ma sau ɗaya na taɓa zuwa.

Adda Kusseri:
Ku maza kuna ta lissafin ƙasa da ƙasa kun manta da wanda ke tsakiya. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya shekara shida yana wannan harkar, babur ɗaya bidon, wato jarka, takwas wani lokaci goma an ɗaure gaba da baya shi yana zaune a tsakiyarsu kamar an binne shi, ya fita ta Fotokol cikin dare a lokacin da hanyar nan kowa ya san halin da take ciki da tashin hankali. Babur ba nasa ba, mai ba nasa ba, wani mai kuɗi ne a gari yake da su wanda ko warin fetur ba ya taɓa rigarsa. Kowane shinge a hanya sai ya ajiye wani abu, a wancan gefen a ajiye a wannan gefen a ajiye, abin da zai rage masa in ya dawo lafiya bai kai ya ci kwana uku ba. Ranar da babur ya zame da shi wuta ta tashi Allah ne ya yi da sauran kwanansa, har yau hannunsa na hagu ba ya miƙewa, mai kayan ya zo asibiti sau ɗaya ya tambayi bidon nawa suka tsira. To Malam bisa ma'aunin da ka ba mu, ni a wurina kurar tana da fasfo biyu, akwai ta Mubi akwai ta Kusseri, gardawan ma haka, kuma su sun san juna suna gaisawa a waya, mu ne ba mu san juna ba muke ta zargin juna a bakin shayi.

Malam na Ngaundere:
Allah ya ba shi lafiya 'yata, Allah ya sa kaffara ne. Maganarki ta shige ni.

Bamubi a Garwa:
Adda Allah ya sawwaƙe, wannan ba ni da ta cewa a kai. Kuma gaskiya tanka guda ba ta ɓacewa daga defo ta kai bakin iyaka sai da sa hannun manya a can gida, wannan ko yaro ya sani. Amma dai kar ku wanke kanku tas, da babu mai saye da babu mai ɗaukowa.

Ɗan Injamena:
Ni ina ganin tun farko karin maganar da ta dace da mu daban ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu nan Cadi muna da namu man, tun 2003 ake tura shi daga Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1070 ya ratsa ƙasarku har Kribi, muna da matatar Jarmaya tun 2011 nan kusa da Injamena, amma mun yi layin mai mun gaji, kuma a Fabrairu 2024 aka wayi gari lita ta tashi daga sefa 518 ta koma 730. Ku ma Kamaru matatarku ta Limbe ta ƙone a 2019 kuka koma sayowa daga waje. Da muna jin labarin Najeriya a rediyo muna cewa kai mutanen nan ƙasa mai arzikin mai a ce babu mai, yau ga shi a ƙofar kowa.

Mai Kilando Marwa:
Awai ne ko Awe? Ni Awe nake ji a bakin direbobin da ke zuwa daga can.

Malam na Ngaundere:
Duka ana faɗa, tsofaffi sun fi cewa Awai. Garuruwa ne guda biyu a jihar Nasarawa ta yanzu, Doma da Awe garin gishiri, ma'ana bala'in da ya sami maƙwabci kar ka ɗauka kai zai tsallake ka. Ta dace ɗan Injamena amma aikinta daban, ita gargaɗi ce, waccan kuwa ƙorafi ce ta wanda aka zalunta. Baƙon Ɗan Garwa ba gargaɗi ya zo yi ba, ciwo ne a ransa ya faɗa, in ka amsa masa da Doma da Awai kamar ka ce masa ciwonka ba komai ba ne tunda ni ma ina da nawa.

Adda Kusseri:
Wani abu da nake girmama 'yan Najeriya da shi, su kurarsu ko da takunkumi tana gurnani. Janairu 2012 Jonathan ya kai lita naira 141 daga 65 suka rufe ƙasar gaba ɗaya sai da ya sauko 97. Agusta 2024 ma sun fito Kano da Kaduna da sauran wurare saboda tsadar rayuwa. Mu nan fa? Fabrairu 2023 aka ɗaga daga sefa 630 zuwa 730, Fabrairu 2024 aka sake ɗagawa zuwa 840, kowa ya ce sai haƙuri ya shiga ɗaki.

Bamubi a Garwa:
Adda gurnanin ne kawai ya rage mana. 2012 ta yi tasiri amma wannan karon an fito an rasa rayuka an koma gida, lita da take ƙasa da naira 200 kafin Mayu 2023 ta haura 500 a mako guda, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1000, ga darajar naira ta faɗi ƙasa warwas. Matatar Dangote ta Legas mai ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, layi ya ragu gaskiya ba zan ɓoye ba, amma wanda ya ɗauka za a koma farashin da ya yi ta jira har ya gaji. Kuma mu ma muna da namu halin da nake jin kunyarsa, mutum yana zagin ɓarawon gwamnati da safe, da yamma in ya ji mai zai yi tsada ya ɓoye galan biyar a ɗaki ya jira maƙwabcinsa ya zo ya tsuga masa kuɗi. Abin da ya fi tsaya min shi ne Majiya a Jigawa, Oktoba 2024, tanka ta faɗi cikin dare mutane suka fito da bokiti da kwano suna kwasa wuta ta tashi, sama da mutum 150 aka binne, yawanci samari. Na ji wasu a nan kasuwa suna cewa kwaɗayi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban iya amsa musu ba don hawaye ne ya zo min. Yaron da ya san wuta ce amma ya tafi da bokiti, kun san abin da ya baro a gida?

Ɗan Garwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansu. Na karanta duka har sau biyu. Malam akwai abin da ka faɗa tun farko wanda babu wanda ya ɗauka, ka ce ana gamawa 'yan kallo su watsa kuɗi. Karin maganar mutum biyu ta ambata amma a filin ai uku ne, kuma ina jin nan ne wurina, ni da Mai Kilando da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kwalba a bakin titi. Sarƙar ba a hannuna take ba, wannan har gobe ba zan karɓa daga ɗan baffana ba, amma shekara da shekaru ina jin daɗin araha ban taɓa tambayar kaina wa ake bugu kafin ta iso gare ni ba, ban san da maganar kilomita 20 ɗin nan ba ma sai yau da Alhaji ya faɗa, ga shi Mubi da Garwa ba wata tafiya ba ce.

Mai Kilando Marwa:
Hamma ni fa ko ɗan kallon ban yarda ba, ɗan kallo da rarar kuɗi yake zuwa don nishaɗi, ni in ban zuba ba yarana ba za su ci ba. Malam a raba mana wannan.

Malam na Ngaundere:
An kira magariba ɗana, in na dawo daga masallaci. Ɗan Garwa yaushe baƙon naka zai koma?

Ɗan Garwa:
Jibi in sha Allahu, da sassafe zan raka shi tasha. Yau da daddare zan ba shi wayar ya karanta abin da Adda ta rubuta a kan ƙaninta, in ya yarda ya rubuto nasa da hannunsa.