Haɗa keken hawan dutse mara nauyi: ta ina ake rage kilo?

Mai_Feda29:
Assalamu alaikum masana. Ina da firam na kabon, mai taya inci 29, marar shokozoba a baya, nauyinsa giram 1,050. Ina so in sayi kayan ɗaya bayan ɗaya in haɗa da kaina, keken gaba ɗaya kada ya wuce kilo 10. Nauyina kilo 72, kuma hanyar da zan riƙa bi akwai hawa da tsakuwa, babu tsalle-tsalle. Wane kaya ne ya fi cin nauyi, kuma ina masu haɗawa suka fi yin kuskure?

Bakanike_Boris:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye sikeli tukuna ka ɗauko abin awo, domin yawancin asarar da ake yi ta kayan da suka ƙi shiga juna ce. Auna faɗin wurin da hob ɗin baya, wato cibiyar wilin baya, ke zama. In milimita 148 ne da aksil mai kauri 12, firam ɗinka Boost ne. In 142 ne, tsohon tsari ne, kuma wilin wannan ba ya zama a wancan. A gaba kuma fok, wato mai riƙe wilin gaba, na Boost 110 ne, tsohon 100. Kiranki, wato hannuwan da feda ke juyawa, shi ma sai ya dace: a Boost layin sarƙa milimita 52 yake daga tsakiyar firam. In ka sa na 49, farantin haƙora zai iya gugar firam.

Sai ramin ƙasa inda boris ɗin kiranki ke zama. In akwai tiredi a ciki, BSA ne mai faɗin 73. In sumul yake, mai yiwuwa PF92 ne, wanda ake dannawa da injin matsi, kuma kada a kusance shi da guduma. Sandar kirankin Shimano milimita 24 ce, ta SRAM DUB kuwa 28.99, kowacce da boris ɗinta. A BSA, kofin ɓangaren sarƙa tiredinsa na hagu ne. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗawa dama har ya cinye tiredin.

Na ƙarshe, kan hob ɗin baya inda jerin giya ke hawa. Giya 12 ta Shimano mai haƙora 10 zuwa 51 Micro Spline take so, ta SRAM mai farawa daga 10 kuma XD. Zaɓi giya kafin ka sayi wili.

Hajiya_Sikeli:
Duk abin da Bakanike ya faɗa haka yake. Ga lissafin kuma, da kaya masu kyau amma ba na ƙololuwa ba. Firam 1,050. Fok mai iska na milimita 100, irin RockShox SID SL ko Fox 32 Step-Cast, wajen 1,400. Wili biyu 1,500, tayoyi biyu 1,400, ruwan toshe huji da bawul 200. Kiranki, boris, jerin giya, sarƙa da mai canza giya, kusan 1,900. Birki da faifansa 850. Kan keke da mariƙinsa da boris ɗin wuya 460, sirdi da sandarsa 470, feda 340, aksil da ƙananan notuna 100. Jimilla kusan kilo 9.7 ke nan. In ka sa sandar sirdi mai sauka da tashi, ƙara kamar giram 300, ka tsaya daidai kan iyakar da ka sa wa kanka.

Duba inda manyan lambobin suke: wili da taya da ruwan toshe huji sun haura kilo 3, kusan kashi ɗaya cikin uku na keken, kuma su ne ake juyawa duk lokacin da aka taka feda. Can za ka zuba ƙarfinka. Cire tib kaɗai yana sauke wajen giram 200 a kowace taya, ka mayar da mililita 60 zuwa 90 na ruwan toshe huji. Jerin giya ma akwai riba: na Shimano Deore ya kusa giram 600, na Shimano XT wajen 470. Notunan titaniyam kuwa, in ka canza na keken duka da kyar ka ga bambancin giram 50. Kwalliya ce kawai.

Mai_Feda29:
Na gode ƙwarai. Na auna, 148 ne da BSA. Hajiya, na ga taya mai giram 550 kacal. In na sa biyu ai na sauke 300 nan take, ko?

Dan_Gangare:
Ɗan'uwa, a kan tsakuwa kada ka yi. Abin da aka rage a irin wannan tayar gefenta ne, siriri kamar takarda. Dutse mai kaifi in ya tsaga gefe, ruwan toshe huji ba ya iya rufe shi, sai dai ka ga farin ruwa yana tsartuwa kan firam. Don gudun haka mutum yakan cika iska da yawa, taya ta riƙa tsalle kan duwatsu maimakon ta kama ƙasa, gudun da ake nema ya tafi. Nemi taya mai faɗin inci 2.25 ko 2.35 mai ƙarfafaffen gefe, giram 680 zuwa 750. Da nauyinka fara da iska 22 psi (ma'aunin matsin iska) a gaba, 24 a baya, ka riƙa ragewa ɗaya-ɗaya har ka ji rim ya kusa taɓa dutse, sai ka ƙara ɗaya.

A nan na ɗan saɓa da Hajiya: sandar sirdi mai sauka ta cancanci giram 300 ɗinta in akwai gangare. Duba faɗin ramin firam da sandar ke shiga dai tukuna, milimita 27.2 ne, 30.9 ko 31.6.

Bakanike_Boris:
Saura haɗawa, inda kabon ke karyewa a hannun mai shi tun kafin ya ga dutse. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri dole ce. Notunan mariƙin kan keke yawanci Nm 5 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), an rubuta a jikinsu. Ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har tazarar sama da ta ƙasa su yi daidai, sai dai in mai ƙerawa ya ce a fara rufe ɗaya. Kada ka shafa giris tsakanin sandar sirdi ta kabon da firam. Akwai man haɗa kabon mai ɗan yashi-yashi, shi ke hana zamewa ba tare da ka matse fiye da kima ba. In ka ji "ƙas" kana ɗauri, tsaya ka kwance ka duba da fitila. Kofunan BSA su kam giris suke so, da Nm 35 zuwa 50.

Wuyan fok sau ɗaya ake yanke shi. Jera komai a busasshe, boris, zobban tazara, mariƙi, ka yi alama, ka yanke milimita 3 ƙasa da alamar don murfin sama ya sami abin matsewa. In kana shakkar tsayin, bar ƙarin milimita 10 ka ɗora zobe a sama, ka hau sati biyu kafin ka ƙarasa yankan. Birki kuma ka karanta murfin tankinsa: Shimano man minaral ne, yawancin tsofaffin na SRAM kuma man birki irin DOT ne, in aka zuba wannan a wancan robobin ciki kumbura suke, birkin ya maƙale. Faifan birki na milimita 160 gaba da baya ya ishi kilo 72. Iskar fok ka saita ta yadda in ka tsaya kan feda zai nutse milimita 20 cikin 100 ɗin.